Wa ya biya kuɗin jirgin? Martani kan makalar fantsamar Turawa cikin duniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili, ko da yake na san wasiƙar tawa ta fi ƙarfin ɗan gurbin da kuke ware wa masu karatu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in ajiye alli, kuma har yau in na ga an bar gyara a allo sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi.

Na karanta makalar da kuka buga kwanakin baya a kan yadda Turawa suka bazu cikin duniya daga ƙarni na 15 zuwa na 17. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Inda na tsaya shi ne wurin da ya dunƙule zancen: wai Turawa sun riga kowa bindiga da jirgin ruwa, da su suka kwaso dukiyar duniya, dukiyar ta gina ƙasashensu, ginuwar ƙasa kuma ta haifi mulkin majalisa. Ni ma haka na koyar a shekaruna na farko, don haka na tarar a littafin aji. Wata rana wani yaro, wanda ma ba ya cikin masu ƙoƙarin ajin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in dukiyar ce ta gina su, ina Sifaniya? Ai ka ce ita ta fi kowa kwasa." Na ce ya zauna, za mu dawo kan maganar. Kafin in samo amsar da ta gamsar da ni, yaron ya gama makaranta ya kama gabansa. Tun daga nan na daina sa yara haddar sunayen jirage. Tambaya biyu nake ba su a kan kowace tafiya: wa ya biya kuɗin jirgin, kuma da ya dawo, hannun wa kayan suka shiga?

Mu fara da Kolumbus, tunda da shi marubucin ya fara. Ya maimaita zancen nan cewa masana sun ƙi shi don suna zaton duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Tatsuniya ce. Masanan fadar Fotugal da suka watsar da shirinsa na isa Asiya ta hanyar tsallaka teku ta yamma sun san duniya a dunƙule take. Abin da suka ce masa shi ne lissafinsa bai fita ba, kuma su ke da gaskiya. Ya ɗauko awon al-Fargani, malamin taurari na zamanin Abbasiyawa, wanda ya ce kowace daraja ta kewayen duniya mil 56 ce da biyu bisa uku, sai ya auna da mil ɗin Rumawa, wanda bai kai na Larabawa tsawo ba. Nan take duniya ta tsuke a takardarsa, Japan ta matso bakin ƙofa. Da babu wata nahiya kwance a tsakani, da ƙishirwa ta gama da su a teku. Har tafinta mai jin Larabci ya ɗauka don ya yi masa magana a fadojin Asiya, kuma ya rasu a 1506 yana nan a kan bakansa cewa gefen Asiya ya taka.

Abin da Kolumbus ya iya shi ne ciniki. A watan Afrilun 1492, wata uku bayan Garnada ta faɗa hannun sarakunan Sifaniya, Fardinan da Isabela, ya sa aka rubuta masa cewa shi ne sarkin ruwa kuma wakilin sarauta a duk ƙasar da ya gano, muƙamin ya zama na gado, sannan ushirin duk abin da aka samu nasa ne. Kuɗin tafiyar kuwa wani ma'ajin fada, Luwis de Santanhel, ya harhaɗo mafi yawansa, Kolumbus ya nemo nasa kason. Fadar ta sa hannu ne don tana ganin ba ta da asara mai yawa in ya nutse. Da ta ga abin ya zama gaske, a 1500 aka dawo da shi Sifaniya cikin mari, magadansa kuma suka shafe shekaru suna shari'a da sarauta a kan waccan takarda.

Labarin da na fi so in ba yara shi ne na Basko da Gama. A watan Mayun 1498 ya isa Kalikut a gaɓar Indiya, bayan wani matuƙi da ya samu a Malindi ya nuna masa hanya. Ya fito da gaisuwar da zai kai wa sarkin garin: 'yan turamen yadi mai zane-zane guda goma sha biyu, huluna, zaren murjani huɗu, tasoshin wanke hannu shida, akwatin sukari, ganga biyu ta mai, biyu ta zuma. Fadawan da suka zo duba kayan suka fashe da dariya. Suka ce masa ko mafi talaucin fataken da ke zuwa daga Makka ya fi haka kyauta, in gaisuwa yake so ya kai, ya kawo zinariya. Malam Edita, ka dubi wannan wuri da kyau. Mutumin da ya kewaye Afirka baki ɗaya ya iso kasuwar masoro da kirfa da kanumfari, sai ya tarar ba shi da abin sayarwa. Ya koma Lisbon a 1499 da jirage biyu cikin huɗu, fiye da rabin mutanensa sun mutu. Da ya dawo a 1502 da jirage ashirin, bai ƙara kawo zuma ba. Ya yi wa Kalikut ruwan igwa, ya ƙone wani jirgin alhazai da ɗaruruwan mutane a ciki. Daga baya Fotugal ta ƙaƙaba wa 'yan kasuwar tekun Indiya takardar izinin wucewa, wanda bai saya ba a kwashe kayansa. A nan na yarda da marubucinku, igwa a kan ruwa ta yi aiki. Sai dai a kira abin da sunansa, kuɗin tare hanya ne.

A tudu kuwa lissafin daban ne. Lokacin da Fotugal ta gina sansaninta na Elmina, a gaɓar Ghana ta yau, a 1482, da duwatsun da aka sassaƙo tun daga gida, sai da jagoransu ya zauna da sarkin wurin ya nemi izini. Kuma tunda 'yan kasuwar Akan masu zinariya ba kowane kayan Turai suke so ba, Turawan suka koma dillanci, suna sayo bayi da yadi daga wasu gaɓoɓin Afirka suna kawo musu. Shekaru ɗaruruwa suka yi a bakin ruwa ba su iya kutsawa ciki ba.

To Meziko da Peru fa, inda 'yan ɗaruruwa suka rusa dauloli? Kotes ya sauka a 1519 da mutum wajen 500 da dawaki 16, kuma ma tserewa ya yi daga Kuba bayan gwamnan ya janye masa izini. Ranar da Tenocitilan, babban birnin daular Aztek ta Meziko, ya faɗi, 13 ga Agustan 1521, mafi yawan mayaƙan da suka kewaye shi 'yan ƙasa ne, musamman mutanen Tilaskala da suka daɗe suna jiran ranar ramuwa. Kafin nan agana, wadda jikin mutanen nahiyar bai taɓa sani ba, ta shiga birnin a 1520 ta kashe har sarkin da ya gaji Moktezuma, wanda Kotes ya tarar a kan mulki. A Peru kuwa Pizaro ya kama Atawalpa, sarkin Inka, a Kahamarka a Nuwamban 1532 da mutum 168, daidai lokacin da daular Inka ta fito daga yaƙin gado tsakanin 'yan'uwa biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Atawalpa ya cika musu ɗaki da zinariya, ya ninka da azurfa don ya fanshi kansa, suka narke, suka ware wa sarki humusinsa, suka raba sauran, sannan suka kashe shi a 1533. Pizaro da abokansa 'yan haɗin gwiwa ne da suka zuba jari, kuma ba a jima ba suka koma kashe juna a kan rabo.

Akwai wata takarda da lauyoyin fada suka rubuta a 1513, wadda doka ta ce a karanta wa mutanen gari kafin a far musu. Tana bayyana musu cewa Fafaroma ya ba sarakunan Sifaniya ƙasarsu, in sun miƙa wuya lafiya, in sun ƙi to alhakin jininsu na wuyansu. Da Sifaniyanci ake karantawa, wani lokaci daga kan jirgi, wani lokaci a gaban bukkokin da mutanensu suka gudu, magatakarda na tsaye yana shaida an karanta. Limamin nan Las Kasas, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kare 'yan ƙasar, ya ce da ya karanta ta ya rasa dariya zai yi ko kuka. Na kawo wannan ne don a ga irin mutanen: ko fashi za su yi sai da rasit.

Yanzu ga amsar tambayar ɗalibina, kuma a shekarar 1521 take. Wata huɗu kafin faɗuwar Tenocitilan, an yi wani yaƙi a cikin Sifaniya kanta, a wani ƙauye da ake kira Bilalar, wanda littafin ajinmu bai ko ambata ba. Asalinsa shi ne saurayin sarkinsu, Carlos, ya nemi sarautar daular Rum ta Jamus a 1519. Masu zaɓe bakwai ne, kuma kowa da farashinsa. An kashe fulorin wajen 850,000, fiye da rabi bashi ne daga attajirin Ogsbag, Yakob Fuga, wanda daga baya ya rubuta wa sarkin wasiƙa yana tuna masa cewa ba don shi ba da bai ga rawanin ba. Don a biya irin waɗannan basussuka Carlos ya tara majalisar biranen Kastil, babbar masarautar Sifaniya, a 1520, ya matsa musu da lallashi da toshiya har suka amince da sabon haraji, ya hau jirgi ya tafi. Da wakilin Segobiya ya koma gida, mutanen gari suka kama shi suka kashe. Birane suka yi bore. Buƙatunsu a rubuce suke: sarki ya zauna a ƙasa, a daina ba baƙi muƙamai, a daina fitar da kuɗin ƙasa waje, majalisa ta riƙa zama duk shekara uku ko sarki bai kira ta ba. Ranar 23 ga Afrilun 1521 aka murƙushe su a Bilalar, washegari aka fille kan jagororinsu uku, Padila da Barabo da Maldonado.

Ka ga yadda abin ya haɗu. A shekarar da aka karya waɗanda ke cewa sarki ba zai taɓa aljihunsu ba sai da yardarsu, a shekarar ce aka buɗe masa wani aljihun da ba ya buƙatar yardar kowa. Duk azurfar da aka haƙo a Amurka sarki na da kasonsa a ciki, bisa ƙa'ida humusi, kuma wadda za ta zo Turai dole ta biyo ta ofishin cinikin da aka kafa a Sebil tun 1503. Ba ina cewa majalisar Kastil ta mutu a ranar ba. Ta ci gaba da zama tana jayayya, kuma harajin talakan Kastil ya fi azurfar Amurka yawa a baitulmali. Amma azurfar ita ce jinginar da ke sa masu banki su buɗe jaka. Sarkin da zai iya cewa "jiragen azurfa na tafe" ba ya zama ya saurari ƙorafin wakilin birni. Daga 1538 aka daina gayyatar manyan sarakai da malaman coci zaman majalisar, bayan 1665 kuma ba a ƙara kiranta don yanka haraji ba.

Bari in ɗan tsaya a kan inda azurfar ke fitowa, don marubucinku ya wuce wurin da jimla ɗaya. A 1545 aka gano dutsen Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yau, garin da ke sama da mita 4,000 daga matakin teku, inda numfashi kansa aiki ne. A shekarun 1570 wakilin sarki, Toledo, ya tsara aikin dole: kowace shekara ɗaya daga cikin maza bakwai na larduna goma sha shida zai tafi ramin, wajen mutum 13,000. Wani limami da ya ga wurin da idonsa ya kwatanta yadda suke fitowa. Tsani ne na igiyar fata, suna hawa uku-uku, kowa da buhun dutse ɗaure a baya, na gaba da kyandir ɗaure a babban yatsa don hannuwansa biyu na riƙe da tsani. A waje kuma ana niƙa dutsen a cuɗa shi da zaiba, wadda ake haƙowa a Wankabelika, ramin da ya fi Potosi kisa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan ko gardin bai riƙe kuɗin ba.

Tun jirgi bai baro Amurka ba an riga an cinye kayansa. Filib na Biyu, ɗan Carlos, ya gaji mulki da bashi, ya dakatar da biya a 1557, ya sake a 1560, da 1575, da 1596. Magadansa suka ɗora a 1607 da 1627 da 1647. Sarkin da ya fi kowa ma'adinin azurfa a duniya ke nan. Azurfar na sauka Sebil ta zarce hannun masu bankin Jenowa, daga nan ta tafi albashin sojoji a Filandas, yankin Beljiyam ta yau, wani kaso mai yawa kuma ya ƙare a ƙasar Sin, ta Manila ko ta hannun 'yan kasuwar Turai, don azurfa kaɗai Sinawa ke karɓa da murna. Wadda ta tsaya a gida kuwa farashi ta tayar. Tun a 1556 wani malamin jami'ar Salamanka, Azpilkuweta, ya lura cewa kaya sun fi tsada a Sifaniya fiye da Faransa saboda kuɗi sun yi yawa. Masaƙin Segobiya ya kasa gasa da yadin waje, ɗan mai hali ya gwammace ya sayi takardar bashin sarki ya zauna yana cin ruwa.

Dakatar da biya na 1575 shi ne ya fi tsada. Albashi ya yanke wa sojojin Sifaniya da ke ƙasar Holan da Beljiyam ta yau, suka yi tawaye, a Nuwamban 1576 suka afka wa Antwap, babbar kasuwar arewacin Turai, birnin sarkinsu ne kuwa, suka kashe dubban mutane suka wawashe shi. Lardunan da ke ɗari-ɗari da 'yan tawayen Holan suka haɗa kai da su. Rikicin da ma yana da addini a ciki, ban musa ba, Furotesta da Katolika. Amma abin da ya haɗa Katolika da Furotesta a layi ɗaya shi ne harajin kashi goma cikin ɗari na duk abin da aka sayar, wanda gwamna Alba ya nemi ƙaƙabawa tun 1569. A 1581 lardunan arewa suka rubuta takardar tuɓe Filib. Hujjarsu ita ce sarki makiyayi ne, in ya koma cin tumakin ya sauka daga sarauta da kansa. Abin da mutanen Bilalar suka mutu a kansa, shekara sittin bayan nan 'yan kasuwar Holan suka same shi.

Su ba su da Potosi. Don haka duk kuɗin da za a kashe sai an zauna an roƙa, kuma waɗanda ake roƙo su ne masu yanke shawara. Mai ba gwamnati bashi shi ne ke zaune a majalisar da za ta yanka harajin biyansa, to ina za ta gudu? Shi ya sa zuwa 1655 lardin Holan na cin bashi a kan ruwa huɗu cikin ɗari. Da wannan dabara suka kafa kamfaninsu na Gabashin Indiya a 1602, da jarin gilda miliyan 6.4 da aka tara daga jama'a, har barori da masu sana'ar hannu sun sayi hannun jari. A 1628 Pit Hain, kwamandan ɗaya kamfaninsu na Yammacin Indiya, ya kame jiragen azurfar Sifaniya sukutum a gaɓar Kuba, aka raba riba ga masu hannun jari. A 1637 suka ƙwace Elmina daga Fotugal.

A nan ne nake so masu karatu su yi hattara, don kada a ce tsoho ya zo yana yabon Holan. Takardar kafa kamfanin Gabashin Indiya ta ba shi ikon gina sansani, ɗaukar soja, ƙulla yarjejeniya da sarakuna da yin yaƙi. A tsibiran Banda, cikin Indonesiya ta yau, kaɗai ake samun gyaɗar ƙamshi a lokacin. Mutanen wurin, kimanin 15,000, sun ƙi yarda su sayar wa kamfani shi kaɗai, don sun saba ciniki da Jawa da Larabawa da Ingilishi. A 1621 gwamnan kamfanin, Yan Kun, ya sauka da runduna. Aka kashe na kashewa, yunwa ta ci waɗanda suka gudu kan duwatsu, aka kwashe wasu bayi zuwa Batabiya, Jakarta ta yau, 'yan kaɗan suka rage. Aka yanka gonakin aka raba wa ma'aikatan kamfani, aka kawo bayi su yi noma. Mutanen da iyayensu suka tuɓe sarki don ya ci tumakinsa su ne masu hannun jarin wannan aiki. Kuma don a ga darajar abin a idonsu, a sulhun Bireda na 1667 Ingila ta bar musu ɗan tsibirin Run na Banda, su kuma suka bar mata Manhatan, inda birnin New York yake yau.

Ingila doguwar hanya ta bi ta iso wuri ɗaya. Carls na Ɗaya ya yi shekara goma sha ɗaya, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki ba majalisa, yana tatsar kuɗin jiragen yaƙi har daga garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba. Ba shi da jirgin azurfa da zai jingina, don haka da yaƙin Sikotlan ya taso dole ya kira majalisar, kuma ƙarshenta a Janairun 1649 aka fille masa kai. Ɗansa Carls na Biyu ya gwada halin Filib a 1672, ya dakatar da biyan masu binsa bashi, attajiran Landan da dama suka karye. A 1688 manyan ƙasar suka gayyato Wiliyam daga Holan, aka kori Jems na Biyu, a 1689 aka rubuta cewa ba haraji sai da yardar majalisa, a 1694 aka kafa Bankin Ingila a kan bashin fam miliyan 1.2 da aka ba gwamnati. Wiliyam ya zo da sojoji, amma abin da ya fi daɗewa cikin kayan da ya zo da su shi ne salon cin bashin Holan.

Wannan shi ne sauyin siyasar da marubucinku ya kira 'ya'yan dukiyar mulkin mallaka. Ni a ganina ya juya zancen. Inda dukiyar ta faɗa hannun sarki kai tsaye, majalisa ta shanye. Inda ta bi ta hannun 'yan kasuwa, sarki ya koma mai roƙo, su kuma suka ɗaure shi da sharuɗɗa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sauran abu ɗaya, Malam Edita, shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma shi ne nake rufe darasin da shi a aji. A waccan shekara ta 1672 aka ba Kamfanin Sarauta na Afirka takardar mallakar cinikin Ingila a gaɓar yammacin Afirka shi kaɗai. Shugabansa Jems ne, ƙanin sarki, wanda ya hau gadon daga baya. Sulen zinariyar Ingila da ake kira gini daga sunan wannan gaɓa ya samo suna, wasu har da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki. Cikin masu hannun jarin kamfanin har da Jon Lok, masanin da ake jingina masa koyarwar cewa mulki sai da yardar waɗanda ake mulka. Da aka kori Jems a 1688, kamfanin ya rasa uban gida. 'Yan kasuwar da aka hana shiga cinikin suka yi ta kai koke majalisa. Da wace hujja? Da hujjar 'yanci. Suka ce haƙƙin kowane Ba'ingile ne ya yi fatauci inda ya ga dama, keɓe cinikin bayi ga kamfanin sarki zalunci ne irin na mulkin da aka kawar. Majalisa ta saurare su, a 1698 ta buɗe cinikin ga duk wanda zai biya kamfanin kashi goma cikin ɗari don kula da sansanoni. Jiragen Biristol suka fito, na Libaful suka biyo baya, yawan mutanen da jiragen Ingila ke ɗiba a shekara ya ninka, kuma a ƙarni na 18 aka kwashi kaso mafi girma na mutum miliyan 12.5 da aka loda a jirage zuwa Amurka. Nasarar majalisa a kan sarki ce ta buɗe wannan ƙofa, ba wani abu ba.

Ina roƙon marubucin, in zai yi kashi na biyu kamar yadda ya yi alkawari, ya ba Bilalar da Banda da dokar 1698 ko da sakin layi ɗaya-ɗaya ne. In kuma Allah ya sa yaron nan da ya yi mini tambaya yana cikin masu karanta jaridarku, yanzu ai ya zama magidanci, to ga amsarsa, ya yi haƙuri da jinkiri.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin tarihi mai ritaya